Warin Tsami a Gwangwanin Alhaji Mutari

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta kuna kwafar fim kafin shayinku ya huce, na ji abin da kuke faɗa a kaina. Wai aikin da Baba Inuwa ya yi a Dubai danna maɓalli ne, a zura tsohon fim ta nan ya fito a faifai ta can. To madalla. Ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama, in gaya muku yadda ake danna maɓallin.

In aka kawo maka gwangwanin fim, hanci ne ke fara aiki kafin ido. Ka ɗora shi kan tebur, ka ɗaga murfin kaɗan da babban yatsa, ka sunkuya. In ka ji ƙamshin tsohuwar adaka, lafiya lau, ci gaba. In kuwa ka ji wani tsami-tsami irin na ruwan khal da ake zubawa a haɗin salak, to fim ɗin ya kamu, kuma ciwon nan ba shi da magani. Zaren fim ɗin zai riƙa tsukewa yana kanannaɗewa, yana fitar da tsamin da ke cin sa, har ranar da za ka buɗe ka tarar da dunƙule guda. Iyakar abin da gwani zai iya shi ne ya rage masa gudu. A ba shi sanyi, a ba shi iska, a nisanta shi da 'yan'uwansa.

Hancin nan a Kano na samo shi, a wani gidan silima da yanzu ya zama wurin ajiye buhunan shinkafa. Maigidana Oga Bala ne, wani gajere mai faɗan tsiya, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa inji ba. Aikina naɗi. In fim ya ƙare sai in mayar da shi farko a kan tebur, hannun dama na juya mariƙi, na hagu na riƙe da gefen zaren tsakanin yatsu biyu. Duk inda hujin gefe ya yage za ka ji ya ɗan cije ka. Sai ka tsaya, ka yanke da reza, ka kankare bakin, ka shafa gam, ka danne. In ka yi ha'inci ka wuce wurin, fim zai tsinke ana tsakiyar faɗa, 'yan kallo su miƙe su juyo wajen tagar ɗakinmu su yi ta ɗura wa ofareta ashar. In an tashi kuma Oga Bala ya ƙara mini da nasa, har da ranƙwashi. Ku yanzu ko tsawa aka yi muku sai ku ce kun bar aikin.

Da bidiyo ya shiga kowane gida, silima ta mutu a tsaye. Na taɓa gyaran rediyo, na taɓa tireda, babu wadda ta karɓe ni. A farkon shekarun dubu biyu Habu, ɗan yayata, wanda ke sana'ar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Deira a Dubai, ya aiko mini da biza. Na je na zama mai ɗaurin kaya da furfurata. 'Yan kago fa suna da abin alfaharinsu, wato leda da salatif. Habu in ya naɗe kwali sai ya ja da baya ya tsaya yana kallon sa. Ko allura ba ta samun wurin shiga, kuma 'yan kasuwarmu don haka suke son sa, domin kayan da zai ratsa teku har Kwatano ko Legas babban abokin gabarsa ruwa ne.

Wata rana na hau abra, ɗan kwalekwalen fito, na tsallaka Bur Dubai ɗauko wa wata hajiya bandirin yadi. Ina bin wani lungu a bayan kasuwar yadin sai na ji ƙarar majigi, tar-tar-tar, amma tana sarƙewa. Na san wannan sarƙewar, zare ne ya kuɓuce wa haƙoran inji. Na leƙa, sai ga wani tsohon Ba'indiye mutumin Goa, Mista Finto, yana ta fama shi kaɗai yana gumi. Na yi masa alama ya ba ni wuri, na sa yatsa na saki zaren kaɗan a sama da ƙasa, ƙarar ta miƙe. Ya dube ni, ya dubi injin, ya aika aka kawo shayi. Hajiya dai ranar ta sha jiran yadinta, kuma daga makon nan ban ƙara ɗaure kwali ba.

Shagon ɗan siriri ne mai tsawo, gaba kanta, baya ɗakin aiki. Abin da ke ciyar da mu shi ne kaset-kaset na biki da finafinan iyali da mutane ke so a mayar musu faifai. Kayan aikina ba su da yawa: teburin naɗi, reza, gam, farin safar hannu, ƙyallen karan-miski na goge ƙura, gilashin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo, majigi biyu, kyamara, da wani akwati mai madubi a ciki. Majigi ya haska cikin akwatin ta gefe, kyamara ta ɗauka ta gaba, hoton duka bai fi tafin hannu biyu ba. Sautin kuma da waya nake janyo shi daga majigi zuwa kyamara, don kada ƙarar inji ta shiga. Kuma majigi da kyamara ba gudunsu ɗaya ba. In ba ka daidaita ba, hoto ya riƙa ƙyafce-ƙyafce, wani baƙin layi na hawa yana sauka. Da kunne nake daidaitawa, ina murza wani ɗan maɓalli kaɗan-kaɗan. Kun ga dai akwai maɓalli, ban ce ƙarya kuka yi gaba ɗaya ba.

Amma aikin da ya sa na san na iya wani abu shi ne na masu tara finafinan badujala. Gajerun finafinai ne baƙi da fari, na zamanin yaƙin duniya na biyu da bayansa kaɗan, kowanne tsawon waƙa ɗaya. Babu labari, babu jarumi, babu bos. Mutane ne reras cikin kwat, yawancinsu baƙaƙen Amurka, zaune a jere bayan 'yan ƙananan tebura. Masu saksafon a gaba, masu ƙaho a baya, mai ganguna can sama kan dakali, ga wani a gefe da ƙaton goge a tsaye yana tsinkar sa da yatsa. Badujala na ce, don ita ce kalmar da muka sani, amma wannan ta rawa ce, ba ta faretin 'yan sanda ba.

Da farko na ɗauka masu tara su duk taɓin hankali ke damun su, kuma har yau ban janye maganar duka ba. Akwai wani likitan haƙori ɗan Labanan da ba ya sayen fim sai in akwai mace mai waƙa a ciki. Akwai wani Bature matuƙin jirgi da ya fi damuwa da takardar da ke manne a murfin gwangwani fiye da abin da ke ciki. Akwai wani dattijo ɗan asalin Dubai da in na kunna masa sai ya rufe ido, in ce to me ya kawo ka wurin fim? Sai a hankali na gane. A garmaho kiɗa kawai kake ji. A nan kana ganin yadda mutum ke cika kumatu, yadda na kusa da shi ke buga ƙafa yana jiran nasa wurin, yadda gumi ke ɓata wuyan farar riga. Duk mutanen nan sun mutu, amma ga su nan samari. Sannan kowane mai tarawa yana da ciwo guda: yana so a ce abin da ke hannunsa babu shi a hannun kowa.

Cikinsu mutum ɗaya ne namu, Alhaji Mutari, Badamagare, ɗan bokon Faransa, mai fataucin tayoyi da kayan gyaran mota zuwa Nijar. Yana da filat a Al Rigga, ɗaki guda sukutum na gwangwanaye, esi ba ya mutuwa a ciki. Shi kansa da fanka yake kwana. Ranar da ya fara shigowa shagon, ya ji ina Hausa da wani a waya, ya tsaya yana kallo na.

"Au, likitan fim ɗin da ake ta ba ni labari Bakano ne? To je ka wanke hannu tukuna, na san ku da ƙuli-ƙuli."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu da muka koya muku wanka, wankin hannu ne zai gagare mu?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa, ba a fushi. Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinsa ba, sai Bakano.

Gwangwanin da ya kawo ranar ƙarami ne, murfinsa a lotse, babu rubutu. Ya ce ya yi shekaru yana neman sa kafin ya same shi wurin wani dillali a Faransa. Na ɗaga murfi na sunkuya, sai na ji shi, kaɗan dai, can ƙasa-ƙasa. Na goge zaren, na gyara hujin da suka yage, na haska masa a bango. Kiɗa ne mai sauri, kowa na busa tare. Can dab da ƙarshe sai duk su yi ƙasa da murya, wani siririn mutum a layin baya ya miƙe, ya tura hularsa baya, ya ɗaga ƙaho ya busa shi kaɗai har fim ya ƙare. Wannan wurin Alhaji ke jira. Yana zuwa sai ya daina motsi.

Da na kashe inji na ce, "Alhaji, wannan ya fara tsami. Bari in kwafe maka a faifai tun da sauran ƙarfinsa."

"Non, a'a," in ji shi. "Faifai ai hoton tuwo ne, Bakano. Kuma ka kwafa yau, jibi in gan shi kan tebur a Deira tsakanin fim ɗin Indiya da na kokawa."

"To ware shi daga sauran. Kada ka danne murfin, bar shi yana shan iska."

"Wannan na ji."

Kuma ya ji ɗin. Ya ba shi kanta tasa shi kaɗai kusa da esi. Lokaci-lokaci yakan kawo mini shi in duba, in sake yi masa maganar faifai, ya sake cewa non. Haka muka yi shekaru, tsamin na nan amma bai yi gaba sosai ba.

Sai 2009 ta zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gine-ginen da ake yi ba dare ba rana suka tsaya cak da ƙarafa a waje. Mutane suka riƙa tattara iyali suna barin gari, wasu ko sallama babu. Mu a shago sai mu wuni ba wanda ya turo ƙofa, Mista Finto na karanta jarida ɗaya sau biyu. Likitan haƙori ya sayar da nasa gwangwanayen, matuƙin jirgi ya tafi da nasa. Kasuwar Alhaji ma ta cije. Ya saki filat ɗin Al Rigga, ya ce zai je gida ya daidaita al'amura ya dawo ba da jimawa ba. Ɗakin aikinmu ba zai ɗauki kayansa ba, don haka ya kai wa Habu amana, tun da ofishin Habu akwai esi, kuma dama shi ke yi masa lodin tayoyi. Ya ce masa ya kula da su kamar ƙwai.

Alhaji bai dawo da wuri ba, sai da zafin shekarar ya zo ya wuce. A tsakanin nan Habu ma ya rasa ofishinsa. Ni ina Bur Dubai, shi yana Deira, kowa na fama da kansa, bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ya kwashe komai ya zuba a wata kwantena da ke ajiye a fili a Jebel Ali. Kuma da yake yaron kirki ne mai riƙon amana, sai ya yi wa kayan Alhaji gatan da ya fi kowane gata a wurinsa. Ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ya danne murfi, ya naɗe da leda, ya bi da salatif, ya jera a kwali, ya sake naɗe kwalin.

Ranar da Alhaji ya dawo muka tafi Jebel Ali mu uku da hantsi. Habu ya buɗe ƙofar kwantena, wani hucin zafi ya buso mu har sai da muka ja baya. Ya jawo kwali ya ajiye gabanmu yana murmushi.

"Kawu, duba nan. Wallahi ko a teku aka jefa su ruwa ba zai shiga ba."

Na karɓi wuƙarsa na farke, na lalubo ƙaramin mai lotsattsen murfi, na yanke salatif. Ban ma kai hanci ba. Warin ya taso ya shiga idona har ya kawo ruwa. Alhaji na tsaye a bayana, shi ma ya ji, don na ji ya ce innalillahi a hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan zaga? Habu abin da ya iya ya yi, kuma da tayoyi ne ko atamfa da ya cancanci tukuici. Fim mai tsami in ka toshe shi, tsamin da yake fitarwa ba shi da wurin zuwa sai ya koma ya ci shi, zafi kuma ya ƙara masa wuta. Na yi wa Habu bayani a taƙaice. Murmushin ya ɓace, ya tsuguna gaban Alhaji ya ce, "Alhaji, ka yafe ni, ban sani ba." Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi, khalas, ya wuce, ƙaddara ce.

Abin mamaki, ledar da ta kashe wannan ita ta hana shi shafa wa sauran. Na bi su duka da hanci a inuwar kwantenar. Sun sha wuya, wasu sun ɗan lanƙwashe, amma za su rayu. Shi kaɗai ne ya tafi, kuma shi ne wanda Alhaji zai ba da duk sauran a kansa.

Na kai shi shago na fara jinya. Zaren ya tsuke, ya yi tauri, gefensa ya yi kunne-kunne. In ka ja shi da ƙarfi karyewa zai yi. Na sa shi a wani gwangwani mai faɗi da ƙwayoyin kafur a gefe, dabarar da Mista Finto ya koya mini, don kafur na ɗan sassauta shi. Na bar shi kwanaki. Sannan na fara warwarewa da safar hannu, taƙi bayan taƙi, ina liƙe hujin da suka tsage. Da yake ya tsuke, hujin sun matso kusa da juna, ba za su hau haƙoran inji daidai ba, don haka na ɗauki tsohon majiginmu na goge haƙoransa da zarto har suka yi siriri. Mista Finto ya ga ina yi wa injinsa wannan aika-aika, ya kau da kai ya koma kan jaridarsa. Wajen farko zuwa tsakiya ya warware. Can ciki kusa da cibiya, inda ƙarshen fim yake, zaren ya fara mannewa da juna. Na taɓa da bakin reza na ga hoton na ɓarewa, sai na bar shi. Wurin mai ƙaho ke nan.

Na kira Alhaji na gaya masa gaskiya. "Sau ɗaya zai bi ta inji, ba zai yi na biyu ba. Ƙarshen kuma ban yi maka alkawari ba. Wataƙila ɗumin fitila da jan inji su sake shi, wataƙila ya tsinke. Yanzu ka yarda in kwafa?"

Ya ce, "Bon, to. Kwafa."

Muka sa rana, bayan la'asar. Na shirya akwatin madubi, na daidaita kyamara, na haɗa wayar sauti, na toshe taga da kwali. Sai ga Alhaji ya shigo da ƙunshi a hammata. Ya kwance, farin yadi ne sabo fil daga kasuwar da ke bayanmu, da igiya da 'yan ƙusoshi.

"Wannan fa?"

"A nan za ka haska. Ka ɗaura shi a tsakiyar ɗakin, daga bango zuwa bango."

Nan fa na hau. Na ce, "Haba Alhaji. Dama ɗaya gare mu, ka ce in haska a ƙyalle? Hoton zai yi dishi-dishi, saƙar yadin za ta fito a kyamara. Kuma injin nan kafar sautinsa ɗaya ce. In na ba lasifika don ka ji, babu waya zuwa kyamara, sai dai ta ɗauka daga iska da ƙarar inji da komai. Aikin da na yi makonni ina yi za ka mayar da shi na 'yan koyo. Ka bari in kwafa da kyau, in ya so ka kalli faifan a talabijin ko sau nawa kake so."

Ya bar ni na gama. Sannan ya zauna kan kujerata, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Bakano, saurara. A Damagaram muna yara, in masu majigi sun zo, ƙyalle suke ɗaurawa a fili tsakanin itace biyu. Gaban ƙyalle na manya ne, ma'aikata da attajirai, kan kujeru. Mu yara kuwa, 'yan gadi ke korar mu baya da bulala. To ƙyalle ai ta baya ma ana gani. Mu zauna a ƙasa cikin rairayi mu kalla, sai dai komai a juye yake. A can na ga wannan fim, sau ɗaya, kafin a sa babban fim. Mai ƙahon nan a wurina bahago ne. Tun da na saye shi ta gaba nake kallo kamar wani babban mutum, kuma wallahi bai taɓa zauna mini daidai ba. Kunya ta hana ni faɗa maka. Yanzu ka ce saura sau ɗaya."

Har ga Allah a matsayina na mai sana'a ban yarda ba, kuma ko yau aka tambaye ni zan ce akwatin madubi ya fi. Amma fim nasa ne. Na ɗauko guduma na kafa ƙusoshin, muka ja yadin ya miƙe. Na mayar da kyamara kusa da majigi, na haɗa lasifika. Alhaji ya tuɓe takalmi, ya ɗaga gefen yadin ya shige baya. Na miƙa masa kujera, ya turo ta waje. Na ji ya jawo wani kwali ya shimfiɗa a ƙasa ya zauna.

"Yalla, mu je, Bakano. Doucement, a hankali."

Na yi bisimilla na kunna. Ku da kuke cewa maɓalli, ku zo ku ga hannuwana ranar. Yatsa ɗaya na kan zaren a sama yana rage masa tsalle, ɗaya hannun na juya faifan da ke sakin zaren don kada inji ya fizge shi da kansa, gwiwata na tokare da tebur, idona ba ya kan ƙyalle ko kaɗan. Kiɗan ya fito da ɗan rawar murya, amma ya fito. Masu saksafon suka shiga, ganguna suka amsa. Zaren da ya riga ya wuce ta gaban fitila kuwa, yana fitowa ta ƙasa yana tsattsagewa, ya ƙi naɗuwa, na bar shi yana zuba cikin kwando. Warin tsami ya cika ɗakin. Mista Finto ya zo bakin ƙofa ya tsaya da jarida a hannu.

Muka wuce tsakiya. Na fara jin zaren na yi mini nauyi a yatsa, alamar mun iso inda ya manne. Na riƙa taimaka masa, ina ɓanɓarowa da farce, yana saki da kyar. Kiɗan ya yi ƙasa. Na saci kallon ƙyalle, na ga siririn mutumin ya miƙe, ya tura hularsa baya, ya ɗaga ƙaho. Ya busa na farko, ya ja na biyu mai tsawo. Sai na ji ƙas a ƙarƙashin yatsana.

Ƙyalle ya koma fari fat. Lasifika ta yi shiru, sai ƙarar inji kawai. Na duba abin da ya rage a faifan, dunƙule ne, babu abin da za a ƙara cirowa. Na kai hannu zan kashe fitila.

Sai na ji busar ta ci gaba daga bayan ƙyalle. Alhaji ne, da baki. Ya ɗauka daidai inda ƙahon ya yanke, bai yi gaggawa ba, bai tsallake komai ba, har da wurin da mutumin ke hawa sama ya ɗan tsaya ya sauko. Muryar tsoho ce mai fataucin tayoyi, tana karyewa a wurin hawan, amma ya kai. Na janye hannuna daga maɓallin na bar fitilar a kunne. Da ya zo ƙarshe, inda ganguna ke rufewa, ya buga tafin hannunsa a kwalin da yake zaune a kai.

Ya ɗan jima bai fito ba, mu ma ba mu kira shi ba. Da ya fito ya sa takalminsa, ya gyara hula, ya leƙa kwandon da tarkacen zaren ke ciki, ya ce a zubar.

Washegari na juye abin da kyamara ta ɗauka. Kamar yadda na faɗa, hoton dishi-dishi, saƙar yadi ta fito, ƙarar inji ta cika ko'ina. Daga inda zaren ya tsinke kuma babu komai sai farin ƙyalle da muryarsa. Da ya zo karɓa na nuna masa wurin na ce, "Alhaji, in yanke daga nan? Aikin minti ɗaya ne."

Ya kalli farin hoton, ya saurara har zuwa bugun kwalin.

"Bar shi, Bakano," in ji shi. "Ai fim ɗin bai ƙare ba sai nan."